Ɗumin Bayan Uwar Garke

Ku matso kusa. Zinatu, rage fitilar nan, ba karatu za mu yi ba. Kai kuma Nazifi, in ka san za ka tashe ni rakiyar bayan gida, gara ka je ka kwanta tun yanzu.

Ɗazu a wurin suna kun ga an miƙa wa Kawu Tasi'u goro, ya sunkuyar da kai ya ce a ba na gaba. Kun kuma sha ganinsa yana sallama a ƙofar ɗakin da ba kowa, har kuna dariya a bayan idonsa. To, yau zan gaya muku dalili. Kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta, don wannan ba tatsuniya ba ce. Kakarmu Iya ce ta ba ni labarin ranar da nake tsefe mata kai, kun kuwa san Iya ba ta ƙari.

Lokacin Kawu bai yi aure ba. Yana aiki a wani kamfani can bakin garin Kano, inda a da duk gonaki ne. Aikinsa kula da kwamfutoci. A ƙasan benen akwai wani ɗaki marar taga, mai ƙofar ƙarfe. A ciki ake ajiye babbar kwamfutar da duk ƙananan na ofis suke sha daga gare ta. Masu aikin suna ce mata saba, wasu su ce uwar garke. In ta tsaya, kowa ya tsaya.

Ɗakin sanyi gare shi kamar cikin sabuwar randa. Esi, injin sanyaya ɗaki, ba ya hutawa, don uwar garke ba ta son zafi. Amma in ka zagaya bayanta, inda fankokinta ke furzar da iska, nan ɗumi ne kamar gindin murhu. Ɗan lungu ne tsakaninta da bango. Ba mai leƙawa sai in waya ta kwance.

To, uwar garken nan ta tsufa. Akwai wani abu a cikinta, shi ne ƙwaƙwalwarta. Furosesa suke ce masa. Faɗinsa bai kai tafin hannun Zinatu ba, amma duk tunanin injin a nan yake. Wannan ƙwaƙwalwa ta gaji. Ga nawa, ga zafi. Sai kamfani ya sayo sabuwa, mai sauri, wadda ba ta ɗaukar zafi. Shugabansu, Injiniya Lurwanu, ya kira Kawu ya miƙa masa kwalin.

“Tasi'u, kai za ka sa ta. Kai kaɗai. Mu ga hannunka.”

Ba a taɓa ba shi aiki irin wannan ba. Ranar da murna ya dawo gida, har da tsarabar tsire.

Tun kafin nan, in ya shiga ɗakin yakan ji wani ƙanshi. Wani lokaci kamar dafaffen ganyen darbejiya. Wani lokaci kamar kunun kanwa. Ya ce masu shara ne. Ya kuma lura ƙasan lungun nan ya yi sulɓi, ba ƙura ko kaɗan, kamar inda ake shimfiɗa tabarma kullum. Ya ce iskar fanka ce.

Ba a kashe uwar garke sai lokacin da ba mai aiki. Don haka ya zaɓi ranar Juma'a, rana tsaka, da kowa ya tafi masallaci. Ya ce a ransa zai gama da wuri ya riski sallah a masallacin da ke makara.

E, Nazifi, da rana. Kun ɗauka dare ne kaɗai lokacin mutanen ɓoye? Ko kusa. Rana tsaka, in inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, ita ma tasu ce.

Ya tura ƙofa ya shiga. Bai yi sallama ba. Wa ke sallama ga ƙarfe?

Ya kashe injin. Ya zare wayoyin wuta. Fankoki suka yi ta rage gudu, suka rage, suka tsaya. Ɗakin da bai taɓa yin shiru ba ya yi tsit.

Ya jawo uwar garke daga kabad ɗinta, ya ɗaga murfi. Ya kwance notunan wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, wanda ke zaune bisa ƙwaƙwalwar yana shan zafinta. Ya ɗaga shi. Ya saki ƙugiya. Ya kama tsohuwar ƙwaƙwalwar ta gefe da gefe, da yatsa biyu, don gurbin da take zaune cike yake da wasu allurai sirara kamar gashin jariri, in ɗaya ta lanƙwashe an yi asara. Ya cire ta. Har lokacin da ɗuminta.

Sai ya ji atishawa.

Ƙarama. Irin ta jariri.

Sai wata ta biyo, ta fi ta farko siranta. Ya ce amsa-kuwwar ɗaki ce.

“Wa ya kashe mana wuta?”

Muryar a bayan kunnensa ta fito. Ya juya. Ba kowa. Ya sake juyowa, sai ga ta a bakin lungu. Tsohuwa ce, ƙanƙanuwa, da zanen saƙi, ta ɗaura kallabi har bisa gira. Tana tsugune, da ludayi a hannu.

Leɓɓanta suka motsa. Ba sauti. Sai da ta rufe baki sannan maganar ta iso, a bayan kunnensa.

“Ɗan nan, a gidanku ba a koya muku sallama ba?”

Kawu ya sauke ido don kunya da tsoro. Da ya sauke, sai ya ga ƙafafunta. Dugadugan ne a gaba. Yatsun suna kallon bango.

Zinatu, saki hannuna, za ki karya ni.

Ya so ya karanta abin da ya sani, harshe ya ƙi. Da ƙyar ya ce, “Sa… salamu alaikum, Kaka.”

“Wa alaikumus salam. Ta makara, amma na amsa. Kau da kanka, akwai mai jego a nan.”

Ya kau da kai. Ta wutsiyar ido ya hango gefen wani zane a cikin lungun, da motsin mutum a kwance.

“Mu ne masu wurin nan,” in ji tsohuwar. “A da akwai bishiyar marke a nan, kuka sare. Ba mu ce komai ba. Kuka kawo sanyi kuka cika ɗaki. Ba mu ce komai ba. 'Yata ta sauka kafin lokaci. Bakwaini. Mu jinin wuta ne, sanyin nan naku dafi ne ga ɗanyen goyo. Duk ginin nan murhu ɗaya muka samu, shi ne bayan ƙarfen nan. Yau ka ɗebe garwashin.”

Ta nuna abin da ke hannunsa da ludayi.

“Mayar. Bar mana shi mu yi arba'in. Kwanakin da suka rage ba su da yawa. In mun yi, ka sa abin da ka ga dama.”

Kawu ya ce, “To, Kaka.”

“Ka yarda?”

“Na yarda. Ita zan mayar.”

Sai ta juya masa baya, ta shiga gyara wa mai jego lulluɓi.

Ga tsohuwar ƙwaƙwalwa a hannunsa na dama. Ga sabuwa a kwali a hagu. Ya tuna Injiniya Lurwanu. Ya tuna yadda abokan aiki za su dube shi in ya ce bai sa ba. Me zai ce musu? Ya dubi abubuwan nan biyu. Girmansu ɗaya. Launinsu ɗaya. Sai zuciya ta raɗa masa: tsohuwar da ta rayu a kan marke, ina ta san bambancin furosesa?

Ya zura tsohuwar a aljihu. Ya ɗauko sabuwar.

Ya daidaita ɗan alamar zinaren da ke kusurwarta da na gurbin, ya ajiye ta a hankali. Ya mayar da ƙugiya. Ya goge busasshen man da ke jikin ƙarfen nan mai haƙora, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya ɗaure notuna. Hannunsa bai yi rawa ba. Iya ta ce wannan ne ya fi damunsa daga baya, wai hannunsa ko rawa bai yi ba.

Ya rufe, ya mayar da wayoyi, ya kunna. Ita uwar garke in ta tashi, fankokinta ihu suke yi da farko kamar guguwa. Suka kwaso sauran ɗumin da ke cikin ƙarfe suka watsa lungu.

Tsohuwar ta juyo. Ta daɗe tana dubansa. Leɓɓa suka motsa, maganar ta iso daga baya.

“Allah ya yi maka albarka. Allah ya jiƙan mahaifa. Ungo goron barka.”

Ta miƙo. Ya sa hannu biyu ya karɓa, har da rusunawa. Farin goro ne, babba. Yana da ɗumi kamar ɗan tsakon da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza.

Da ya ɗaga kai, lungu ba kowa. A waje kuma an riga an sallame sallah.

Da aka dawo aiki, sai yabo. Kwamfutoci na gudu kamar an yi musu allura. Injiniya Lurwanu ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa. Da suka sauka ɗakin, ya kai hannu bayan injin ya ce, “Kun ji? Ko ɗumi babu. Aiki ya yi kyau.”

Kawu ya yi murmushi. Hannunsa na cikin aljihu, yana riƙe da goro. Ɗumin ya ragu.

Ya kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Da safe ya taɓa. Ya ƙara raguwa. Ya sa shi a rana, bai ƙaru ba. Ya kai shi kusa da murhun Iya, bai ƙaru ba. Nan ya gane ba ɗumin goro ba ne. Ɗumin wani ne.

Ka ce me, Nazifi? Me ya hana ya kai musu garwashi? Ɗakin nan ko ashana ba a ƙyastawa. Amma ya yi irin dabararka. Ya sayo hita ta ɗumama ɗaki, ya faki ido ya kunna ta a bakin lungu, ya fito da sauri ba tare da ya ce uffan ba. Washegari ya tarar da ita a waje, bakin ƙofa. An naɗe wayarta tsaf, an ɗora a kai. Kamar yadda ake mayar wa mutum kwanon abincinsa ba a buɗe ba.

Ranar bai iya cin tuwo ba. Iya ta zauna gefensa tana kallo.

“Auta, me ka yi?”

“Ba komai, Iya. Gajiya ce.”

“Gajiya ba ta hana mutum kallon idon uwarsa.”

Sai ya fito da goron ya ajiye a tafinta. Ya faɗa mata duka, kansa a ƙasa.

Iya ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta juya goron a hannu, ta ce, “Ta sa maka albarka?”

“Ta sa.”

“Ka ce amin?”

“Na ce.”

Sai ta ce, “Ban taɓa gaya maka ba. Kai ma bakwaini ne. Tsakiyar damina na haife ka, ruwa ya yi kwanaki bai ɗauke ba, duk itacen unguwa ya jiƙe. A cikin auduga muka naɗe ka, kana ta yin sanyi a hannuna. Maƙwabciyarmu Ta-Sallah, Allah ya jiƙanta, ta ɗauki gatari ta faskara turminta. Shi kaɗai gare ta. Da shi aka hura wutar da ta raya ka.”

Ta mayar masa da goron, ta naɗe yatsunsa a kai.

“Ban san na goyi mai ɗebe wa mai jego wuta ba.”

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta saki labule.

Da safe Kawu ya tsaya gaban teburin Injiniya Lurwanu. Ofis ne na kowa da kowa, ba sirri. Ya ce yana so a ba shi izini ya kashe uwar garke ya mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwa.

“Sabuwar ta samu matsala ne?”

Da ya ce e, da shi ke nan. Amma ya gaji da ƙarya.

“Lafiyarta lau, ranka ya daɗe.”

“To?”

“Akwai masu jego a bayan injin. Na yi musu alkawari, na saɓa.”

Sai ofis ya fashe da dariya. Wani ya ce, “Kai, ashe angon ƙarni muke zaune da shi ba mu sani ba!” Wata ta ce, “Yaushe ne sunan, mu kawo zannuwa?” Wani ya ce a duba jakarsa, ko ya fara shan wani abu. Kawu na tsaye, gumi na bin bayansa, bai ɗaga kai ba.

Injiniya bai yi dariya ba. Ya dube shi ya ce, “Ka san in na bar ka ka yi wannan, ba zan ƙara ba ka makullin ɗakin nan ba?”

“Na sani.”

“Kuma ka ji ka gani?”

“Na ji na gani.”

Injiniya ya ja tsaki a hankali. “In an fita sallar azahar. Kuma ina tsaye a kanka. Ba na barin wanda kansa ya taɓu shi kaɗai da injina.”

Suka sauka tare. A bakin ƙofa Kawu ya tsaya ya cire takalmi.

“Salamu alaikum, masu gida.”

Ba a amsa ba. Ya sake. Ba a amsa ba.

Ya shiga. Ƙanshin darbejiya babu. Sanyi kawai. Ya kashe injin, ya buɗe, ya cire sabuwar. Wannan karon hannunsa rawa yake yi, har Injiniya ya ce daga bakin ƙofa, “Kula da alluran nan!” Ya zaunar da tsohuwar a gurbinta, ya shafa mai, ya ɗaure, ya kunna. Fankoki suka yi ihu, suka lafa. A hankali iskar baya ta fara ɗumi. Ta yi ɗumi. Ta yi zafi.

Kawu ya tsuguna a bakin lungu, kansa a ƙasa, goro a hannu. Goron sanyi ƙalau.

Ya jira.

Sai ya ga dugadugai a gabansa. Da yake ƙafafunta a juye suke, bai san ko fuskantarsa take ko baya ta ba shi ba. Bai kuma iya ɗaga ido ya duba ba.

“Ka dawo,” in ji muryar a bayan kunnensa.

“Kaka, na yi miki ƙarya.”

“Na sani. Tun kana buɗe kwalin na sani. Wace tsohuwa ce ba ta san ƙanshin murhunta ba?”

“To me ya sa kika sa mini albarka?”

“Na ga ɗan mutane ne. Na ce wanda ya ci albarkar da ba tasa ba, kafin magariba zai dawo. Na yi maka zaton da ya fi ka.”

Kawu ya rasa inda zai sa kansa. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige.

“Jaririn fa, Kaka?”

“Ɓare goronka.”

Ya sa farce a tsagin, ya ɓare. Goron ya rabu biyu. Ɓari ɗaya ya fara ɗumi a tafinsa, kaɗan kaɗan, kamar ana hura masa rai. Daga cikin lungu aka yi atishawa, ƙarama.

Ya jira ta biyun. Waccan da ya ce amsa-kuwwa ce.

Ba ta zo ba. Ɗayan ɓarin kamar dutsen cikin rafi.

“Tagwaye ne,” in ji tsohuwar. “Jiya da asuba muka kai ƙaramar.”

Ba ta zage shi ba. Ba ta yi masa baki ba. Ta ce, “Riƙe su duka biyun. Naka ne. Ka gaida mai turmi in kun haɗu.”

Da ya ɗago, ba kowa.

Shi Injiniya Lurwanu bai ga komai ba, bai ji komai ba. Abin da ya gani kawai, yaronsa tsugune gaban bango yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tsaya, ya ja iska ta hanci.

“Wa ya shigo da kunun kanwa ɗakin nan?”

Bai jira amsa ba. Ya ja da baya a hankali, ya jawo ƙofa. Bai sake maganar sabuwar ƙwaƙwalwa ba sai da ƙanshin ya ɗauke da kansa, ƙura ta fara taruwa a lungu. Sannan ya sa wani ya canza. Kawu kuwa ba a ƙara ba shi makulli ba. Angon ƙarni ya zama sunansa a kamfanin har ya bar aikin, bai taɓa tanka wa kowa ba.

Goron yana nan. Bai bushe ba, bai yi ja ba. Yana cikin wani ƙyalle a aljihunsa na ƙirji. Na taɓa gani sau ɗaya, ranar da yake zazzaɓi Iya ta sa ni wanke masa riga. Ban san mene ne ba, na kwance. Ɗaya na taɓa na ji kamar kuncin yaro mai barci. Ɗayan kuwa, Zinatu, har yau in na tuna sai yatsana ya yi sanyi.

Shi ya sa ba ya karɓar goron suna. Ya ce yana da wanda bai gama ci ba.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada ku shiga ɗaki ba sallama, ko da ba kowa ciki sai ƙarfe. Kada ku shiga irin wuraren nan ku kaɗai da rana tsaka, mutane na masallaci. In kuwa ƙaddara ta sa kun haɗu da wanda ya roƙe ku abu, in ba za ku iya ba ku ce ba za ku iya ba. Su suna yafe a'a. To ɗin ƙarya ce ba ta wankuwa.

Gobe in Kawu ya zo ya yi sallama a ƙofar rumbu, kada in ji wanda ya yi dariya. Nazifi, tashi ka kashe fitilar. A'a, kai kaɗai za ka je, taku nawa ne. Ka dai yi bisimilla.